Mai Tambayar Jijiya

A ce wani gida ne a Kafin Dafga, cikin ƙaramar hukumar Karaye, akwai yaro ɗan shekara biyu da 'yan watanni. In babur ya wuce ta ƙofar gida yakan waiga. In kwano ya suɓuce a tsakar gida har zabura yake yi. Amma a kira sunansa sau biyar, ko gezau. Sa'anninsa sun fara "Inna" da "ruwa", shi kuwa sai nuni da yatsa, in ba a gane ba ya fashe da kuka. Kakarsa ta riga ta yanke hukunci: "Kunnen ƙashi ne, haka ubansa ya yi." Maƙwabciya ta ce a karɓo rubutu, ƙila iska ce. Uwar kuwa, da yake ita ke kwana da shi ta tashi da shi, ba ta yarda kurma ne ba, ba ta kuma yarda lafiya lau yake ba. "Inna, wallahi yana ji," in ji ta, "sai dai kamar ba maganarmu yake ji ba."

Likitoci sun daɗe suna cin karo da irin wannan, sun rasa inda za su ajiye shi. Sai a 1996 Arnold Starr, wani likitan jijiyoyi na Kalifoniya, shi da abokan aikinsa suka bayyana marasa lafiya goma waɗanda kunnensu ke karɓar sauti amma saƙon ba ya isa ƙwaƙwalwa a shirye, suka kira abin ciwon jijiyar ji. An ƙiyasta cewa cikin yara goma masu rashin ji na dindindin, kusan ɗaya irin wannan ne. Akwai kuma ma'aikatan asibiti da sana'arsu ke nan: su zaƙulo wannan ɗayan daga cikin goman, su gano ko dashen na'ura zai amfane shi, in an dasa kuma su saita ta. A asibiti odiyolojis ake ce musu. Ni masu awon ji nake kiransu, kuma ban san wata sana'a da ta haɗa lissafi da haƙuri da karanta fuskar jariri kamar tasu ba.

Sauti kaɗawar iska ce. Ta shiga ramin kunne ta bugi dodon kunne, dodon ya motsa wasu ƙananan ƙasusuwa uku, na ƙarshensu bai kai ƙwayar shinkafa ba, shi kuma ya tura ruwan da ke cikin wani ƙashi mai murɗe kamar katantanwa. Girman katantanwar nan kamar ƙwayar wake ne, murɗinta biyu da rabi. A cikinta akwai ƙwayoyin halitta masu gashi-gashi a jere. Na waje, kimanin 12,000, aikinsu ƙara wa sauti ƙarfi. Na ciki, kimanin 3,500, su ke mayar da kaɗawar ruwa saƙon lantarki, su miƙa wa jijiyar ji, wadda ita kuma zare ne wajen 30,000 a ɗaure wuri guda. Siririn sauti irin na usur a bakin katantanwa ake karɓarsa, mai kauri irin na tambari kuwa can cikin ƙuryarta.

Maganar duka tana wajen zaren nan 30,000. Wanda ya taɓa wucewa ta tsangaya da dare, almajirai sun kewaye wuta kowa na rera nasa karatun da iyakar muryarsa, ya san ƙarar na kaiwa bayan gari, amma daga nesa ba ka tsintar kalma ko ɗaya. Kwatanta da masallacin Juma'a in liman ya kai ƙarshen Fatiha, mutum dubu suka ce amin. Ba su fi almajiran ƙarfin murya ba, haɗuwar baki ce ta fito da kalmar. Lafiyayyar jijiya haka take, zarenta na amsawa tare, kan lokaci ɗaya. Ta yaron nan kuwa kowane zare na amsawa, amma wani ya riga, wani ya makara. Bakanike zai ce mai akwai, wuta akwai, taimin ne ya goce.

Magana kuwa da lokaci aka gina ta, balle Hausa. Tsakanin garin da ake zama da garin da ake tuƙa tuwo babu komai sai tsawon wasali, ɗan ja da bai kai ƙiftawar ido ba. Tsakanin kasa da ƙasa ɗan abu ne da ke aukuwa a maƙogwaro cikin ƙanƙanin lokaci. In taimin ya goce, waɗannan su ke fara narkewa. Shi ya sa ɗaga murya ba ya magani, hayaniyar ranar kasuwa kuma ta ƙarasa ɓata abin. Na'urar ƙara sauti da ake maƙalawa a kunne takan taimaki wasu daga cikinsu, ga wasu kuwa kamar ƙure muryar rediyon da tasharsa ta goce ne. Abin da ya fi jawo wa yaran nan zargi shi ne jin nasu na hawa da sauka: yau ya waiga, gobe shiru. Akwai ma wani nau'i na gado, ba shi da yawa, wanda ji ke ɗaukewa in zazzaɓi ya zo, ya dawo in jiki ya huce. A ƙasar sauro, wa zai yarda ba iskanci yaron ke yi ba?

In mai awon ji ya zauna da uwa, kafin ya taɓa wata na'ura, tambayarsa ta farko takan koma makon haihuwa. "Hajiya, da aka haife shi, idonsa ya yi ruwan ɗorawa?" Shawarar jarirai na cikin manyan masu jawo wannan matsala a ƙasarmu. In jajayen ƙwayoyin jini suka fashe sukan bar wani sinadari mai suna bilirubin, hantar jariri kuma ba ta yi ƙwarin da za ta kwashe shi da sauri ba. In ya yi yawa sai ya shiga ƙwaƙwalwa, hanyar ji kuwa na cikin wuraren da ya fi saurin ɓatawa. Abin takaici, yakan kai ƙololuwa tsakanin kwana na uku da na biyar, daidai lokacin da mai jego ke ɗaki, ɗakin ba haske, jariri a nannaɗe, hankalin gida na kan ragon suna. Yara maza da yawa a Nijeriya kuma ana haihuwarsu da ƙarancin wani sinadarin jini da ake kira G6PD, kuma kafur ɗin da ake jefawa cikin kayan jariri don ƙamshi da korar ƙwari na iya fasa musu jini. Lalle ma haka. Da an fito da jaririn hasken rana an danna goshinsa da yatsa an duba, da an kai shi asibiti an sa shi ƙarƙashin shuɗin haske, ko an canja masa jini in abin ya yi tsanani, da yawa ba su kai nan ba. Sauran dalilan su ne haihuwar bakwaini, da rashin iskar numfashi a doguwar naƙuda, da gado daga uwa da uba tare, wanda auren zumunci kan ƙara wa dama. Wata likitar yara a Legas, Bolajoko Olusanya, ta yi shekaru tana nuna alaƙar shawara da rashin ji, ita ce kuma ta gwada auna kunnen jarirai a wurin allurar BCG, tunda da yawa ba a asibiti ake haihuwarsu ba amma ana kawo su rigakafi.

Daga Kafin Dafga sai a yi sammako zuwa Kano, sashen kunne da hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko a nufi Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1999. Awo na farko mai sauƙi ne. A 1978 wani masani a Landan, David Kemp, ya gano cewa lafiyayyen kunne ba karɓa kawai yake yi ba, yana mayar da ɗan amsa-kuwwa, aikin ƙwayoyin gashin nan na waje. Sai a sa ɗan matoshi a kunne, a aika sauti, a saurari amsar. Cikin minti ɗaya an gama. Tarkon yana nan: yaron da jijiyarsa ta goce yakan ci wannan jarrabawa, don katantanwarsa na aiki. Wanda bai ƙware ba sai ya ce wa uwa, "Kunnensa lafiya, ku koma gida." Ta koma, kaka ta ce ai na faɗa. Don haka ne ƙa'ida ta ce jaririn da ya yi shawara mai tsanani, ko ya wuce kwana biyar a ɗakin kula da jarirai, kada a tsaya a nan, a yi masa awo na biyu.

Wannan na biyun, ABR, shi ne tambayar jijiya kai tsaye. Ana so yaro ya yi barci mai nauyi. In jariri ne a ba shi nono har ya langaɓe, in ya tasa a hana shi barcin safe ko a ba shi magani. Mai awo ya goge goshi da bayan kunnuwa, ya manna 'yan fayafayai masu waya, ya zura siririn bututu a kunne, ya rage fitila. Na'ura ta fara aika ƙas-ƙas-ƙas, kamar sau dubu biyu. Saƙon jijiya ƙarami ne ƙwarai, ya nutse cikin hayaniyar ƙwaƙwalwa da tsoka, don haka kwamfuta ke ɗora amsa kan amsa. Abin da ke zuwa kan lokaci ɗaya bayan kowane ƙas yakan taru ya fito, sauran su share juna. Kamar mutum dubu biyu ne suka ratsa gona: in sawu ɗaya suka bi sai turba ta fito, in kowa ya bi nasa ba ka ganin komai. A lafiyayyen kunne sai tuddai biyar su tashi a fuskar kwamfuta, duka cikin abin da bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa ba. A na yaronmu layin a kwance yake.

Sai dai ba a kwance sarai ba, kuma nan ne ake gane gwani. A farkon layin akwai 'yan lanƙwashe-lanƙwashe da sabon hannu zai iya ɗauka tuddan jijiya ne. Gwani sai ya juya sautin. Da ƙas ɗin na tura dodon kunne ciki, yanzu ya sa ya riƙa janyo shi waje. Ƙwayoyin gashi kwaikwayon sauti suke yi, in an juya shi su ma sai su juya. Jijiya ba ruwanta da wannan. In ya ɗora layukan biyu ya ga ɗaya ya zama inuwar ɗaya a kife, to katantanwa ce ke magana, jijiya ba ta ce uffan ba. Duk da haka ba ya yarda tukuna. Sai ya sa yatsa biyu ya matse bututun don kada sauti ya shiga kunne, na'ura kuwa na ci gaba da aiki. In lanƙwasar ta ɓace, daga kunnen yaro take. In tana nan, na'urarsa ce ke yi masa ƙarya. Wannan matsewar yatsa biyu ta fi burge ni a duk aikin, don da ita mutum ke tuhumar kayan aikinsa kafin ya ɗora wa ɗan mutane suna.

Bayan an gano, ba a rugawa ɗakin tiyata. Jaririn da ya yi shawara ko bakwaini wani lokaci jijiyarsa kan farfaɗo cikin watanni, don haka a sake awo. ABR kuma ba ya faɗin iya abin da irin wannan yaro ke ji a zahiri, sai an zauna da shi ido biyu. Daga wata shida ana koya masa cewa in sauti ya zo, 'yar tsana za ta haska a gefe, sai a riƙa rage sautin ana kallon ko zai waiga. A gwada na'urar ƙara sauti wata da watanni, a ga ko magana na tsirowa. Amma jiran na da iyaka. Binciken Anu Sharma a Amurka ya nuna ɓangaren ji na ƙwaƙwalwa ya fi karɓar gyara kafin shekara uku da rabi, bayan bakwai kuwa ƙofar ta kusa rufewa. Mai awon ji yana tsakanin gaggawa da jinkiri ne, kowanne na iya cutar yaron.

Tambayar da ta rage ita ce ina ɓarnar take. Tana iya zama a ƙwayoyin gashi na ciki, ko a mahaɗarsu da jijiya, ko a jikin jijiyar kanta. In a biyun farko ne, jijiya lafiyarta ƙalau, mai kawo mata saƙo ne ya lalace, kuma irin waɗannan yara su ne dashe ya fi yi wa kyau. In jijiyar ce ta ƙanƙance ko babu ita, labari ya sha bamban. Hoton MRI ke raba gardama. A 'yar hanyar ƙashi da ta tashi daga kunne zuwa ƙwaƙwalwa, jijiyoyi huɗu ke wucewa: ta motsa fuska, biyu na daidaita tsayuwa, da ta ji. In aka yanko hoton ta tsakiya sai su fito kamar ɗigo huɗu. Ƙirgawa ake yi. In uku ne, dasa na'ura a katantanwa kamar ja wa gidan da ba kowa waya ne.

Ita na'urar kashi biyu ce. Na waje yana rataye bayan kunne, yana ɗaukar sauti ya rarraba shi daga siriri zuwa mai kauri, ya aika ta fata ta hanyar wani ɗan faifai da maganaɗisu ke riƙewa a kai. Na ciki yana ƙarƙashin fata, da siririyar waya mai gaɓa-gaɓa kamar rake, gaɓa 12 ko 16 ko 22 gwargwadon kamfani, wadda ake zurawa cikin katantanwa. Kowace gaɓa na taɓa nata ɓangaren jijiya da ɗan bugun lantarki. An fara dasa wa mutum wayar da ke taɓa jijiyar ji da lantarki a Faransa a 1957, aikin André Djourno da Charles Eyriès. William House ya bi baya a Amurka daga 1961. Mai gaɓoɓi da yawa ta fito a hannun Ingeborg da Erwin Hochmair a Biyana a 1977, da Graeme Clark a Ostireliya a 1978. Shi Clark, wanda mahaifinsa ya yi fama da rashin ji, a bakin teku ya warware matsalar yadda waya za ta bi murɗin katantanwa: ya ɗauki ɓawon dodon koɗi ya zura masa ciyawa, ya ga in bakinta na da laushi gindinta na da ƙarfi tana bin lanƙwasar har ciki. Yau an dasa fiye da miliyan ɗaya a duniya.

Dalilin da ya sa take wa jijiyar da ta goce magani shi ne bugun lantarki kaifi gare shi, yana tada zaruruwa da yawa a tare. Tamkar an samo wa jama'a mai ba da baki. Likitan tiyata yana da nasa gwanintar, ba zan rage masa ba: yana huda ƙashin bayan kunne, ya bi ta wani ɗan tsukin da bai wuce milimita kaɗan ba, jijiyar fuska a gefe guda, ta ɗanɗano a ɗaya gefen, har ya kai 'yar tagar katantanwa. Amma tun yaro na kwance ba a farkar da shi ba, mai awon ji ke matsowa da kwamfutarsa. Na'urar da aka dasa ba faɗa kawai take yi ba, tana saurare. Sai ya sa gaɓa ɗaya ta buga, ta kusa da ita ta kasa kunne. Kafin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ya cika, in zaruruwa sun amsa tare, sai ɗan kwari da ɗan tudu su fito a layi. Jijiyar da ta yi shekara biyu ba ta haɗa baki ba, ga shi ta ce amin. Ya bi gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya yana rubuta ƙarfin da kowace ta buƙata. Inda amsa ta fito tsaf, ana sa rai. Inda ta yi rauni ko ta ƙi, ya san aiki na gabansa, ya kuma san abin da zai gaya wa iyaye tun yanzu.

Bayan mako biyu zuwa huɗu, in rauni ya warke, ake kunnawa. Masu kallon bidiyo a waya sun saba ganin jariri ya ji muryar uwarsa ya yi murmushi kowa na hawaye. Galibi ba haka abin yake ba. Wani yaro kuka yake fashewa da shi, wani ya yi tsit, wani ya ci gaba da wasansa kamar ba a yi komai ba. Manyan da suka taɓa ji kafin su kurmance sun ce da farko muryoyi kamar na mutum-mutumi suke. Ranar kunnawa ita ce ranar haihuwar kunnen, daga nan ake fara ƙirga masa shekaru.

Saiti shi ne zuciyar sana'ar. Kowace gaɓa sai an samo mata iyaka biyu: ƙaramin bugun da yaro zai fara ji, da babban da zai ji da ƙarfi ba tare da ya dame shi ba. Tazarar da ke tsakaninsu 'yar kaɗan ce, kuma cikinta za a cusa duk sautin duniya, daga raɗa zuwa tsawa. Babba zai ce maka "ya isa". Ɗan shekara biyu da bai san ma mene ne sauti ba fa? Sai fuska. Mai awo ido ɗaya na kan kwamfuta, ɗaya na kan yaron da ke cinyar uwarsa. Ya ɗaga bugun taki ɗaya. Yaro na juya murfin kwalba a hannu, bai fasa ba. Taki ɗaya kuma. Hannun ya tsaya. Gira ta ɗan ɗaga, ido ya nemi fuskar uwa. Mai awo bai ce komai ba, ya sauke, ya jira, ya sake hawa, don ya tabbata ba ƙudan da ya gifta ne ya ɗauke masa hankali ba. In yaro ya ƙifta ido da ƙarfi, ko ya damƙe zanen uwa, ko ya kai hannu zai fizge faifan, an wuce gona da iri. In gefen baki ko fatar ido na rawa daidai da bugun, lantarki ya tsallaka jijiyar fuska ne, sai a gyara wannan gaɓa ko a kashe ta. Yaron da ya ɗan girma ana mayar masa da abin wasa: riƙe dutse a kunne, in ka ji ka jefa a kwano.

Ranar farko gwani ba ya ƙure komai. Ya san yaron da aka firgita yau, gobe ba zai yarda a maƙala masa abin ba, don haka yakan bar saitin ƙasa-ƙasa, a riƙa ɗagawa a hankali cikin makonni. Ga jijiya mai rauni kuma akwai wata dabara. Na'urar na iya buga ɗaruruwa har dubbai a daƙiƙa, amma gajiyayyen zare ba ya iya bin wannan gudu, kafin ya huta an sake kiransa. Sai mai awo ya rage saurin, ya ɗan tsawaita kowane bugu, kamar yadda ake yi wa tsoho magana. Sau da yawa a nan ake samun yaron da aka fid da rai da shi ya fara waigawa. Duk wannan ba zama ɗaya ba ne. A watannin farko sai an yi ta dawowa, don iyakokin na canjawa yayin da jiki ke sabawa.

Akwai inda na'urar ke da rauni, kuma ya shafe mu. Gaɓa 22 ba za su maye gurbin ƙwayoyi 3,500 ba. Tana kawo lokaci da kyau, tsawon wasali da tsayawar baƙi, amma hawa da saukar murya ba ta kawo su sosai. Hausa kuwa da karin sauti take rarrabe kukan yaro da kukar miya, wuyan riga da wuyar aiki. Masu Sinanci sun riga mu fuskantar wannan, kuma an ga yaransu da aka yi wa dashe da wuri suna koyon karin harshensu, ko da sai da ƙarin horo. Na Hausa ma sai an zauna an koya masa da gangan, a sa kalmomin cikin zance, a nanata.

Sai kuɗi, wanda ba a kauce masa. Na'ura da tiyata miliyoyin naira ne masu yawa, kuma wannan somin taɓi ne. Akwai batir da cajinsa a garin da wuta ba ta da tabbas, akwai wayar da kan tsinke, da gumin bazara da ƙurar hunturu da ke shiga na'urar waje, da kuɗin mota daga Karaye ko Rogo zuwa birni duk lokacin saiti. Na'urar da ta mutu aka rasa gyara ta mayar da yaro inda ya fito. Mai awon ji na ƙwarai yakan shimfiɗa wa uba wannan lissafi tun kafin a sayar da gona. Yakan kuma ce kada a bar yaro ba harshe ana jiran na'ura. Ƙasar Hausa na da maganar hannu tata ta gado, har da sarautar Sarkin Bebaye a Kano, kuma wata masaniya Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta rubuta littafi a kanta a 2000. Ga kuma makarantar kurame ta Tudun Maliki. Yaron da ya sami harshe ta hannu ya sami abin tunani, in ji ya zo daga baya yana da inda zai rataya kalmomi. Can nesa kuma wani abu na tahowa: a 2024 likitoci a Shanghai suka ba da rahoton yara shida masu nau'in da ke zuwa ta ƙwayar gado mai suna OTOF da aka zuba wa gyararriyar ƙwayar a katantanwa, biyar suka fara ji. Wannan nau'i ɗaya ne kawai, bai shafi wanda shawara ta taɓa ba.

A ce dai yaron Kafin Dafga ya dace, ɗigo huɗu sun cika, an dasa, an saita. Sauran aikin a tsakar gida yake. Ana so a yi ta yi masa magana tun safe har dare, a kira sunansa, a faɗa masa sunan duk abin da ya taɓa. In ɗan fari ne kuwa, uwa ba ta kama sunansa, ba ta ma son a gan ta tana yi masa hira a gaban surukai. Mai awon da ya san mutanensa ba ya faɗa da kunya. Yakan ce, "Hajiya, in za ku dawo ku taho da kakarsa." Ita ba ta da wannan takunkumi, jika abokin wasanta ne, mijinta ne ma. Ita zai koya wa sautuka shida da wani malami, Daniel Ling, ya tsara don duba ko na'ura na kawo magana daga mai kauri har siriri: mmm, uuu, aaa, iii, shhh, sss. Duka akwai su a bakin Bahaushe.

Kullum da safe, kafin koko ya huce, tsohuwar za ta duba batir, ta manna faifan a bayan kunne, ta zagaya bayansa inda ba zai ga leɓenta ba. Ta ce aaa, ya waiga. Ta ce mmm, ya waiga. Ta ce sss, shiru. Ta matso taki ɗaya ta sake, shiru. Sai ta ɗaga murya ta kira ɗanta daga zaure: "Kai, in ka tashi kiran likitan nan ka gaya masa angona ba ya jin ta ƙarshen, kwana biyu ke nan."